MANOMIN DA AKA TONO TARIHINSA DAGA LITTATTAFAN KOTU

A Jihar Virginia ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Eastville, wanda shi ne hedkwatar Gundumar Northampton. Garin bai taka kara ya karya ba wajen girma, amma ofishin akawun kotunsa yana riƙe da wata dukiya wadda babu irinta a duk faɗin ƙasar, watau littattafan shari'a waɗanda aka fara rubutawa tun cikin shekarar 1632, aka kuma ci gaba da su ba tare da yankewa ba. Wanda ya sayi saniya, da wanda ya sayar da gona, da wanda ya ci bashi ya ƙi biya, da wanda ya zagi maƙwabcinsa aka kai shi ƙara, duk akawu ya sa alƙalami ya rubuta.

Cikin waɗannan littattafai ne masana suka tsinto labarin wani manomi baƙar fata mai suna Anthony Johnson, wanda aka kawo daga Afirka cikin 1621, ya rasu cikin 1670. Mutumin nan bai bar wani littafi ba, bai bar wasiƙa ba, babu kuma zanen kamanninsa. Abin da ya rage nasa kawai shi ne layi biyu a nan, layi uku a can, cikin rubutun akawuna waɗanda ba don su girmama shi suka rubuta ba. Amma da aka harhaɗa su sai ga rayuwar mutum sukutum ta bayyana, da wahalarsa, da arzikinsa, da laifinsa, da kuma zaluncin da aka yi wa iyalinsa bayan ransa.

BANGON 1870

Neman asalin kakanni abu ne da Amurkawa suka ɗauka da muhimmanci ƙwarai, musamman tun daga 1976 lokacin da Alex Haley ya fitar da littafinsa mai suna Roots, wanda aka nuna a talabijin cikin 1977. To, amma baƙar fatar Amurka idan ya tashi neman kakanninsa yakan ci karo da wani bango. Ƙidayar jama'a ta 1870 ita ce ta farko da ta rubuta sunayen waɗanda aka 'yanta daga bauta, bayan an hana bautar cikin 1865. A ƙidayar 1850 da ta 1860 kuwa, sunan ubangida ake rubutawa, sa'an nan a jera bayinsa ba suna, sai shekarunsu da launinsu da ko mace ce ko namiji.

Daɗin daɗawa, takardu da yawa sun salwanta. Cikin watan Afrilu na 1865, daf da ƙarewar yaƙin basasar Amurka, gobara ta tashi a birnin Richmond ta cinye littattafan babbar kotun Virginia, haɗe da na waɗansu gundumomi waɗanda suka kai nasu can don ajiya. Littattafan Northampton ba su bar gida ba, shi ya sa suka tsira. Kuma da yake Anthony Johnson ya zama ɗa, ya mallaki gona, ya shiga kotu ya fita, sai sunansa ya zauna a rubuce shekara ɗari biyu da ɗoriya kafin wannan bango.

SUNA GUDA A TAKARDAR ƘIDAYA

Turawan Ingila sun kafa garin Jamestown cikin 1607. Daga 1612, sa'ad da wani mai suna John Rolfe ya gwada noman taba ya ga ta karɓu a kasuwar Landan, sai kowa ya koma taba, har ta zama ita ce kuɗin ƙasar. Da ita ake biyan haraji, da ita ake biyan tara, da ita ake sayen dabba. Noman taba kuwa yana cin hannu, saboda haka aka shiga kawo talakawan Ingila bisa yarjejeniya, mutum ya yi barantaka shekara huɗu zuwa bakwai a bakin kuɗin jirginsa, sa'an nan a sallame shi. Cikin watan Agusta na 1619 wani jirgi ya sauke mutanen Afirka ashirin da 'yan kai a gaɓar Virginia, waɗanda aka ƙwato daga wani jirgin bayi na Fotugal da ya taso daga Angola.

Takarda ta farko da ta shafi mutumin namu ita ce ƙidayar da aka yi a farkon 1625, wadda aka aika da ita Ingila, tana kuma can a ma'ajiyar takardun gwamnati har yanzu. An ƙirga mutum wajen 1,200, cikinsu 23 'yan Afirka ne. A gonar wani attajirin Landan mai suna Edward Bennett, kudu da Kogin James, an rubuta wani bara baƙar fata mai suna Antonio, wanda ya zo cikin jirgin James a 1621. An kuma rubuta wata mace baƙar fata mai suna Mary, wadda ta zo cikin jirgin Margaret and John a 1622. Antonio dai suna ne irin na mutanen Fotugal, waɗanda al'adarsu ce su yi wa kamammu baftisma su raɗa musu suna kafin su zuba su a jirgi.

Wanda ya san tarihin wurin zai gane cewa ganin sunan Antonio a wannan takarda ma abin mamaki ne. Ran 22 ga watan Maris, 1622, 'yan asalin ƙasar, watau jama'ar Powhatan, a ƙarƙashin shugabansu Opechancanough, suka auka wa Turawan da ke cinye musu ƙasa da gonakin taba, suka kashe mutum 347 rana ɗaya. A gonar Bennett kaɗai an kashe fiye da hamsin. Antonio yana cikin 'yan ƙalilan da suka kuɓuta.

MARAƘI DA GONA

Bayan wannan ƙidaya sawunsa ya yi wuyar bi har wajen shekara ashirin. Da ya sake bayyana sosai, a tsallaken mashigin tekun Chesapeake ne, a wani siririn zirin ƙasa inda Gundumar Northampton take. Yanzu ya zama Anthony Johnson, ɗa ne ba bara ba, Mary kuwa matarsa ce, suna da 'ya'ya maza biyu, John da Richard, da mata biyu.

Akwai wata shaida da aka rubuta cikin 1645, inda wani Anthony baƙar fata da wani Kyaftin Philip Taylor suka je suka raba gonar masara da suka noma tare. Da aka gama rabo, sai Anthony ya ce ransa ya yi fari, yanzu ya san tasa ƙasar, zai yi aiki sa'ad da ya ga dama, ya huta sa'ad da ya ga dama. Masana biyu, T. H. Breen da Stephen Innes, sun ɗauka cewa Johnson ne mai wannan magana, daga cikinta ma suka ciro sunan littafin da suka wallafa cikin 1980 a kan 'yantattun baƙar fata na wannan yanki. Cikin 1647 kuma littafin kotu ya nuna Johnson ya sayi maraƙi. Mai karatu na iya cewa mene ne abin rubutawa a cinikin maraƙi? Dalili shi ne a wancan zamani dabbobi sake suke yawo a daji, kowa yana tsaga kunnen nasa da shaida ta musamman, sai ya je a rubuta cinikin da shaidar don gudun rigima. Ga mai bincike kuwa, wannan layi ɗaya ya isa hujja cewa mutumin yana da dukiyar kansa.

Ran 24 ga watan Yuli, 1651, aka ba Anthony Johnson takardar mallakar ƙasa eka 250 a yankin rafin Pungoteague. Eka ɗaya ta ɗan fi rabin filin ƙwallon ƙafa, saboda haka mai karatu sai ya auna girman gonar. Dokar lokacin ita ce duk wanda ya biya kuɗin kawo mutum ɗaya Virginia za a ba shi eka 50, ana kuma saye da sayar da wannan haƙƙi kamar haja. Johnson ya gabatar da sunayen mutum biyar, biyar sau hamsin kuwa 250 ke nan. Ɗansa John ya sami tasa takardar cikin 1652, Richard kuma ya sami eka 100 cikin 1654, duk kusa da ubansu. Ashe ke nan iyali guda sun haɗa unguwa, suna noman taba da masara, suna kiwon shanu da aladu. Kofen irin waɗannan takardu suna nan a Laburaren Virginia da ke Richmond, wata mata mai suna Nell Marion Nugent kuma ta taƙaita su cikin littafin da ta fitar a 1934, wanda masu neman kakanni ke dubawa har gobe.

GOBARAR DA TA ZAMA HUJJA

Ana cikin wannan hali sai gobara ta cinye yawancin dukiyarsu. Anthony da Mary suka kai kuka gaban kotu suna neman sauƙin haraji. Tun 1643 dokar Virginia ta sa haraji a kan mata baƙar fata daidai da maza, alhali kuwa matan Turawa ba a karɓa a kansu. Kotu ta duba, ta yafe wa Mary da 'ya'yanta mata biyu harajin muddin ransu, ta kuma rubuta dalilinta, cewa mutanen nan sun zauna a Virginia fiye da shekara talatin, an san su da aiki tuƙuru.

A nan akwai abu biyu da mai bin sawun kakanni zai lura da su. Na farko, takardar tana ɗauke da watan Fabrairu na 1652, amma a lissafin yau 1653 ne, domin kafin 1752 Ingila da ƙasashen da take mulki suna fara sabuwar shekara ran 25 ga watan Maris ne. Wanda bai san wannan ba sai ya rikita shekarun mutane. Na biyu, maganar shekara talatin ɗin nan ita ce igiyar da ta ɗaure labarin. In aka cire talatin da ɗoriya daga 1653 sai a faɗa kan 1621 da 1622, daidai shekarun da Antonio da Mary na gonar Bennett suka sauka. Da wannan ne masana suka haɗa mutanen ƙidayar 1625 da masu gonar Pungoteague. Watau da gobarar ba ta auku ba, da wuya a gane cewa mutanen guda ne.

SHARI'AR JOHN CASOR

Littafin kotu ba ya ɓoye aibin kowa. Cikin 1653 wani baƙar fata mai suna John Casor, wanda ke aiki a gonar Johnson, ya kai kuka wurin wani Kyaftin Samuel Goldsmith, ya ce shi bisa yarjejeniyar shekara bakwai ko takwas ya zo, wa'adinsa ya cika tuni, amma an ƙi sakinsa. Johnson ya ce shi bai taɓa ganin wata yarjejeniya ba, mutumin nasa ne har mutuwa. Waɗansu maƙwabta Turawa, Robert Parker da George Parker, suka goyi bayan Casor. Matar Johnson da 'ya'yansa da surukinsa suka tsorata kada a ci su tara su rasa shanunsu, suka matsa masa har ya sake shi. Casor kuwa ya koma aiki wurin Robert Parker.

Daga baya Johnson ya sake shawara, ya kai Parker ƙara. Ran 8 ga watan Maris, 1655, kotun Northampton ta yanke hukunci cewa Casor ya koma hannun Johnson ya yi masa bauta muddin ransa, Parker kuma ya biya kuɗin shari'a. Mutumin da aka ɗauko daga ƙasarsu ba da sonsa ba, ga shi ya tsaya gaban alƙalai yana neman a tabbatar masa da mallakar ɗan'uwansa, ya kuma samu. Sa'ad da iyalin suka yi ƙaura daga baya, Casor yana tare da su.

Saboda wannan shari'a akan ji waɗansu suna yaɗa cewa wai baƙar fata ne ya fara mallakar bawa a Amurka. Takardu sun ƙaryata wannan. Tun cikin 1640 babbar kotun Virginia ta yi shari'ar barori uku da suka gudu daga ubangidansu. Biyu Turawa ne, aka ƙara musu shekara huɗu-huɗu. Na ukun, baƙar fata mai suna John Punch, aka yanke masa bauta har ƙarshen ransa. Cikin 1641 kuma Massachusetts ta sa bauta cikin dokokinta. Shi John Punch ɗin nan ne masu bincike na kamfanin Ancestry suka bayyana cikin 2012 cewa hujjojinsu sun nuna kakan kakanni ne ga mahaifiyar Barack Obama.

ƘAURA ZUWA MARYLAND

Wanda ya bi dokokin Virginia na waɗannan shekaru zai ga yadda ƙofa take rufuwa sannu a hankali. Cikin 1662 aka ce kowane yaro matsayin uwarsa zai bi, in baiwa ce shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa. Cikin 1667 aka ce shiga addinin Kirista ba ya 'yanta bawa. Cikin 1670 aka hana 'yantaccen baƙar fata sayen bara Bature. Zuwa 1705 an tattara dokokin bauta wuri ɗaya.

Cikin 1665 Anthony da Mary suka sayar da eka 200, suka bar wa Richard 50, suka kora shanunsu arewa zuwa Gundumar Somerset a Maryland. A nan mai bincike dole ya bar littattafan Virginia ya koma na Maryland, waɗanda ke ajiye a birnin Annapolis. Wanda ya tsaya gunduma ɗaya sai ya zaci iyalin sun ƙare, alhali iyaka kawai suka ƙetare. Cikin 1666 Johnson ya karɓi hayar gona mai eka 300 kusa da rafin Wicomico daga wani mai suna Stephen Horsey, gonar da aka san ta da suna Tonies Vineyard, watau garkar inabin Tony. A can ya rasu cikin 1670. Mary, wadda suka yi zaman aure fiye da shekara arba'in, ta sabunta hayar zuwa shekara 99, bisa sharaɗin za ta riƙa biyan harajin ƙasar, ta kuma ba mai gona kan masara guda tak kowace shekara. Cikin 1672 ta sa aka rubuta rabon shanu ga jikokinta.

BAƘO BAYAN SHEKARA 49

Cikin watan Agusta na 1670, watanni kaɗan bayan rasuwarsa, aka tara masu taya alƙali bincike a Virginia don su duba matsayin eka 50 ɗin nan da ya bar wa Richard. Hukuncinsu gajere ne. Suka ce tun da Anthony Johnson baƙar fata ne, to, baƙo ne, saboda haka ƙasar ta koma hannun Sarkin Ingila. Daga nan ta faɗa hannun wani maƙwabci Bature.

Duk wanda ya taɓa zama a garin da ba nan aka binne cibiyarsa ba ya san nauyin wannan kalma ta baƙo. Mutumin nan ya yi shekara 49 a ƙasar. Ya riga yawancin Turawan da ke zaune a Virginia a 1670 zuwa, ya tsira daga yaƙin 1622, ya sare daji, ya biya haraji, ya haifi 'ya'ya da jikoki a wurin. Hukumar da ta ba shi takardar mallaka cikin 1651, wadda kotunta ta yaba aikinsa cikin 1653, ita ce ta ce cikin 1670 ba shi da gadon da zai bari. Takardar ba ta sāke ba, masu karanta ta ne suka sāke. Amma da yake akawu ya rubuta hukuncin da dalilinsa, abin ya zama shaida a kansu wadda kowa ke iya karantawa yau.

GONA MAI SUNA ANGOLA

Cikin 1677 wani jikan Anthony, shi ma John Johnson, ya sami 'yar gona mai eka 44 a Gundumar Somerset. Al'adar Maryland ce kowace gona a raɗa mata suna a rubuta cikin takardarta, Turawa kuwa sau da yawa sunan ƙauyukansu na Ingila suke sawa. Shi wannan saurayi, haifaffen Amurka ɗan haifaffen Amurka, sai ya sa wa tasa suna Angola. Wannan kalma ɗaya ita ce babbar hujjar da masana ke riƙe da ita a kan inda aka ɗauko kakansa. Tana kuma nuna cewa shekara 56 bayan saukar Antonio daga jirgi, ana ambaton sunan gida a cikin gidansa, har yara suka riƙe.

John ɗin nan ya rasu bai bar magaji ba, har aka daɗe ana zaton zuriyar ta ɓace daga takardu ke nan. To, amma masu bincike na baya, irin su Douglas Deal da Paul Heinegg, sun bi littattafan gundumomin da ke maƙwabtaka ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da 'ya'yan gidan a Gundumar Sussex ta Delaware, inda suka sake ƙaura. Aikin yana bukatar haƙuri, domin sunan John Johnson ya yi yawa a cikin Turawa ma, akawuna kuma kowa yadda ya ji suna haka yake rubuta shi. Sai an gwama sunan mata, da shaidar kunnen saniya, da sunan maƙwabtan gona, kafin a tabbatar wane ne wane.

Littattafan Eastville suna nan a inda suke, an kuma ɗauki hotonsu don kada hannu ya lalata su. Mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, fari da baƙi, kowa da sunan wani kaka a rubuce a 'yar takarda, su zauna suna buɗe shafi bayan shafi ko Allah Ya sa wani akawu ya taɓa rubuta cewa mutumin ya sayi maraƙi.